Sakatar Kawa: Nazari a kan Furotin na Tsokar da Ba Ta Gajiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsintar kawa da ranta a bakin kogi, ya sa farce ya nemi raba ɓawonta biyu, ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Sau da yawa ɓawon kan fashe kafin ya buɗe. Amma in ta mutu, sai a tarar da ita baki hangame ba wanda ya taɓa ta. Dalili kuwa shi ne, a inda ɓawon biyu suka haɗu akwai wata gaɓa mai tauri da ke aiki kamar danƙo, kullum tana neman ta ware su. Watau buɗewa ba ta bukatar wani ƙarfi daga dabbar, rufewa ce ke bukata. Tsokar da ta ratsa daga wannan ɓawo zuwa wancan ita ke jan su ta haɗa, kuma muddin ana so su zauna a rufe, tilas ne ta ci gaba da rinjayar wannan gaɓa.

A nan matsalar take. In mutum ya miƙe hannu riƙe da bokitin ruwa, ko da bai motsa ba, kafin minti biyu hannun zai fara rawa. Ita kuwa kawar bakin teku, in ruwa ya janye, takan rufe na sa'o'i masu yawa, wadda aka fitar daga ruwa ma takan yi kwanaki. Bugu da ƙari, in ɓawo na rufe iskar oksijin ba ta isa gare ta sosai, saboda haka ba ta da halin ɓarnar makamashi. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda masana suka gano sirrin wannan riƙo, da furotin ɗin da ke yin sa, da kuma muhawarar da aka shafe fiye da shekara talatin ana yi a kansa. Akwai dangin waɗannan halittu a kogunanmu, alal misali Etheria elliptica da ake samu a kogin Kwara da na Bolta, amma binciken da za mu kawo an yi shi ne a Turai da Amurka da Jafan da Rasha a kan irin na teku, in ban da na farkonsa.

Mafarin bincike

A shekarar 1885 Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da aka fi sani da gwajinsa a kan karnuka, ya buga nazari a kan yadda kawar tafki mai suna Anodonta ke buɗe ɓawonta. Ya nuna cewa jijiyoyi iri biyu ne ke zuwa ga tsokar, ɗaya ta sa ta ja, ɗaya kuma ta sa ta saki. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin tsokar hannunmu ba ta bukatar wata jijiya ta musamman da za ta ce mata ta saki. Da zarar umurnin ja ya tsaya, sai ta saki da kanta. A 1910 Jakob Parnas ya rataya wa kawa nauyi ya auna iskar oksijin da take sha, bai ga wani ƙari na a zo a gani ba. Sa'an nan a 1912 Jakob von Uexküll ya yi wani gwaji mai sauƙi a kan kawar teku da ake kira sikalof. Ya sa guntun itace tsakanin ɓawonta, ta matse shi, da ya zare itacen sai ɓawon ya tsaya cak a inda yake. Ana iya matsa shi ya ƙara rufewa, amma ba a iya jan sa ya buɗe. Shi ya ba wannan hali suna da Jamusanci, sunan da ke nufin kullewa. Mu a nan za mu kira shi sakata, domin ƙofar da aka sa wa sakata ba ta bukatar mai tokare ta.

Wadda ta sa binciken a kan turba ita ce Betty Twarog ta Amurka. Ta yi aiki da Mytilus edulis, kawa mai baƙin ɓawo da ke manne wa duwatsu da wasu zaruruwa. Tsokar da ke jan waɗannan zaruruwa tana da halin sakata, kuma tana da sauƙin cirewa a auna ta, shi ya sa ta zama abin gwajin kusan kowa daga baya. A 1954 Twarog ta nuna cewa in an zuba wa tsokar sinadarin asetilkolin sai ta ja, in an wanke shi kuma ba ta saki, sai ta zauna a ƙage na dogon lokaci. Da an ɗiga mata sinadarin serotonin kuwa, nan da nan sai ta saki. Jijiyoyin Pavlov biyu ke nan aka gano saƙon da kowacce ke kaiwa. Ba laifi mu ambata cewa wannan baiwar Allah ce, tare da Irvine Page, ta fara tabbatar da akwai serotonin a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa a 1953, kuma da zuciyar kawa ta auna shi.

Yadda tsoka ke ja

Kafin mu ci gaba ya kamata mu tuna wa juna yadda kowace tsoka ke aiki. Tun 1954, bayan aikin Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a gefe guda, da Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya gefen, aka san cewa a cikin tsoka akwai zaruruwa iri biyu a jere, masu kauri da sirara. Mai kauri an gina shi da furotin mai suna mayosin, siriri kuwa da aktin. Zaruruwan ba sa taƙurewa, zamewa suke yi a kan juna. Kowane mayosin na da doguwar wutsiya da kawuna biyu. Kan yakan cafki aktin, ya ja shi kaɗan, ya saki, ya sake cafka a gaba, kamar dai hannun mai jan guga daga rijiya. Kowane zagaye na cafka da saki yana cin ƙwaya ɗaya ta ATP, wanda shi ne makamashin da tantanin jiki ke kashewa. Abin da ya sa mai riƙe da bokiti ke gajiya shi ne, ko da hannunsa bai motsa ba, kawunan mayosin ba su daina cafka da saki ba, ATP kuwa yana ta ƙonewa.

Abin da ke kunna wannan inji shi ne kalsiyam. In saƙon jijiya ya iso, kalsiyam yakan ƙaru a cikin tantanin tsoka, in ya ragu sai aiki ya tsaya. A tsokar ƙashi ta ɗan Adam da sauran dabbobi masu ƙashin baya, makunnin yana kan siririn zare. Setsuro Ebashi na Jafan ne ya gano shi a shekarun 1960, watau furotin ɗin turofonin, wanda in ya kama kalsiyam yakan kawar da wani furotin mai suna turofomayosin daga hanyar kawunan mayosin. An ɗauka haka lamarin yake ga dukkan dabbobi, har zuwa 1970 da John Kendrick-Jones da William Lehman da Andrew Szent-Györgyi suka nuna cewa a tsokar dangin kawa mayosin da kansa ne ke kama kalsiyam. A wuyan kowane kai akwai ƙananan sarƙoƙin furotin biyu. A 1973 aka gano cewa in an cire ɗaya daga cikinsu da sinadarin EDTA daga mayosin na sikalof, sai ya riƙa aiki ko da kalsiyam ko babu, in an mayar da ita kuma sai ya koma bin umurnin kalsiyam. Gwaji ne mai tsabta irin wanda ba kasafai ake samu ba. Sai a 1994 ne ɗakin binciken Carolyn Cohen a Jami'ar Brandeis ya fito da siffar wannan wuya dalla-dalla, aka ga kalsiyam yana zaune ne a kan ɗaya sarƙar, amma ba ya iya zama sai ta biyun da babbar sarƙar mayosin sun tallafe gurbinsa. Daga baya an sami turofonin a tsokar sikalof, sai dai babban makunnin yana kan mayosin.

Wannan bayani ya ƙara wa matsalar sakata wuya ne. A 1989 Ishii da Simpson da Ashley suka auna kalsiyam a cikin tantanin tsokar Mytilus, suka tarar a lokacin sakata ya riga ya koma kusan yadda yake a lokacin hutu. Ke nan makunni a kashe yake, mayosin ya daina ƙona ATP, amma tsoka tana riƙe da kaya. To, me ke riƙe da shi?

Faramayosin da muhawarar da ta biyo baya

Wanda aka fara tuhuma shi ne faramayosin. Hall da Jakus da Schmitt ne suka raɗa masa suna, bayan sun ga wasu zaruruwa masu zane a jere, tazarar kusan nanomita 14.5, a tsokar kawa, ta madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Furotin ne mai siffar sanda, sarƙoƙi biyu da suka murɗe juna kamar tufkar igiya, kowace sarƙa nauyinta kusan dalton 100,000, ba shi da kai, ba ya ƙona ATP. A 1971 Szent-Györgyi da Cohen da Kendrick-Jones suka nuna cewa shi ne bargon zare mai kauri, mayosin kuwa a bayansa yake shimfiɗe kamar fata.

Girman waɗannan zaruruwa abin mamaki ne. A tsokar ƙashi ta ɗan Adam tsawon zare mai kauri maikuromita 1.6 ne, kaurinsa kuma wajen nanomita 15. A tsokar sakata ta Mytilus tsawonsa yakan kai wajen maikuromita 25, kaurinsa kuma ya ninka namu sau da yawa. Da yake zaren dogo ne, kawunan mayosin masu yawa ne ke taruwa su ja siririn zare guda, shi ya sa wannan tsoka ke iya jan kilo 10 ko fiye a kan kowane santimita murabba'i, alhali tamu ba ta wuce kilo 2 zuwa 3. Har wa yau, sikalof na da tsoka kashi biyu a manne da juna: babba mai sauri wadda take tafa ɓawo da ita ta yi iyo, da ƙarama fara mai sakata. Faramayosin kaɗan ne a ta farko, a ta biyu kuwa ya fi mayosin yawa. Ganin haka, ba abin zargi ba ne da Johnson da Kahn da Szent-Györgyi a 1959, da kuma Caspar Rüegg, suka ɗauka cewa faramayosin ne sakatar. A ganinsu zaruruwa masu kauri ne ke mannewa da juna su daskare, su ɗauke wa mayosin da aktin kayan.

Jack Lowy da Barry Millman ba su yarda ba. A 1963 suka kawo ra'ayin cewa babu wani inji na biyu, kawunan mayosin ne dai ke cafke da aktin, sai dai saki ne suke yi a hankali ƙwarai. Aka rabu gida biyu, kowane ɓangare da hujjarsa, aka yi ta kai da komowa har cikin shekarun 1990. In muka dubi lamarin yanzu, za mu ga rauni a ra'ayin farko tun da wuri. Ana samun faramayosin a tsokar ƙwari da tsutsotsi da kaguwa, waɗanda ba su da sakata ko kaɗan. Abin da yawansa ke nunawa shi ne tsoka mai ɗaukar kaya da yawa tana bukatar zare mai ƙwari, ba wai shi ke kulle ta ba. An ruɗe ne tsakanin ƙarfin ƙofa da abin da ke kulle ƙofa. Ra'ayi na biyu shi ma yana da nasa rauni, domin bai faɗi abin da zai hana kan mayosin saki ba bayan kalsiyam ya tafi.

Af, kada a ce wahalar da aka sha a kan faramayosin ta tafi a banza. A 1986 aka gano cewa wani furotin na tsutsar Schistosoma mansoni, 'yar'uwar wadda ke kawo tsargiya a garuruwanmu na bakin fadama da madatsun ruwa, wanda garkuwar jikin ɓera ke kai wa hari, faramayosin ne. Tun daga lokacin yake cikin jerin abubuwan da ake gwadawa don neman allurar rigakafin cutar. Da yake jikin ɗan Adam ba ya yin faramayosin, garkuwar jiki takan gane shi a matsayin baƙo.

Tuwicin

Amsar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Tun farkon shekarun 1970 aka san cewa serotonin na ƙara yawan wani ɗan aike na cikin tantani mai suna cAMP, shi kuma yakan ta da wani enzayim da ake kira PKA, wanda aikinsa shi ne liƙa fosfet a jikin furotin. Ke nan akwai wani furotin da in aka liƙa masa fosfet sakata ke zarewa. An tuhumi faramayosin, an tuhumi mayosin, ba a sami gamsasshiyar hujja ba. A 1997 da 1998 Marion Siegman da Thomas Butler da abokan aikinsu a Jami'ar Thomas Jefferson ta birnin Filadelfiya suka nuna cewa furotin guda ne ke karɓar fosfet daidai lokacin da tsokar Mytilus ke saki, kuma gwargwadon fosfet ɗin da ya karɓa, gwargwadon sakin. Ƙato ne ƙwarai, ya fi dalton 500,000, wataƙila girman nasa ne ma ya sa aka daɗe ba a kula da shi ba, domin irin waɗannan ba sa tafiya nesa a faifan da ake tace furotin da shi.

Da aka bincika sai aka ga ba baƙo ba ne. Guy Benian da abokan aikinsa sun riga sun bayyana shi a 1989 a jikin 'yar tsutsar ƙasa Caenorhabditis elegans, inda lalacewar ƙwayar gadonsa ke sa tsutsar ta riƙa zabura ba ƙaƙƙautawa, daga nan ne ma ya sami sunansa na tuwicin. Ɗan dangin taitin ne, furotin mafi girma a tsokarmu. A 2003 Daisuke Funabara da Shugo Watabe na Jami'ar Tokiyo, tare da mutanen Filadelfiya, suka fito da cikakken jerinsa a Mytilus: doguwar sarƙa mai gaɓoɓi da yawa kamar tsakiyar carbi, nauyinta wajen dalton 530,000, da gurabe biyu da PKA ke liƙa wa fosfet, waɗanda aka kira D1 da D2.

Hujjar da muka fi gamsuwa da ita ta fito ne daga Akira Yamada da Kazuhiro Oiwa da abokan aikinsu a Kobe, a 2001. Maimakon su auna tsoka sukutum, sai suka tace furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya suka sake haɗa su a kan gilashi. Zaren da aka gina da mayosin da tuwicin kawai ya kama aktin kam a ruwan da ba kalsiyam, da aka sa PKA kuma ya sake shi. Babu faramayosin a wurin. Da wannan gwaji aka sallami wanda aka daɗe ana tuhuma. A 2004 mutanen nan suka ƙara nuna cewa enzayim ɗin da ke cire fosfet daga tuwicin shi ne kalsiniyurin, wanda kalsiyam ne ke ta da shi.

Yanzu muna iya jera yadda abin ke gudana. Jijiya ta farko ta saki asetilkolin, kalsiyam ya ƙaru a tantani. Kalsiyam ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya kunna mayosin ya fara jan aktin, ya kuma ta da kalsiniyurin ya cire fosfet daga tuwicin. Ɓawo ya rufe. Da saƙon jijiya ya tsaya, kalsiyam ya ragu, mayosin ya daina ƙona ATP, amma tuwicin da ba shi da fosfet ya ɗaure zare mai kauri da siriri, ba su iya zamewa baya. Mai jan guga ya ɗaure igiya a gwafa ya sauke hannu ke nan. Haka za a zauna har jijiya ta biyu ta saki serotonin, cAMP ya ƙaru, PKA ya mayar wa tuwicin fosfet, ɗaurin ya kwance, gaɓar ɓawo ta ware shi. Abin da ya fi burge mu a wannan tsari shi ne, saƙon da ya sa aka ja shi ne kuma ya shirya sakatar, saboda haka dabbar ba ta bukatar umurni na musamman don ta kulle. Buɗewa ce kaɗai ke bukatar izini.

Inda muhawara ta koma

Ba a ce an gama ba. Da farko mutanen Filadelfiya sun ɗauka tuwicin yana hana kan mayosin sakin aktin ne, watau ra'ayin Lowy da Millman da sabuwar riga. Amma a 2005 Stefan Galler na Jami'ar Salzburg a Ostiriya ya zuba wa tsoka sinadaran da ke hana kawunan mayosin aiki, ya ga ja ya mutu, sakata kuwa tana nan daram. Nikolai Shelud'ko da abokan aikinsa a Vladivostok sun nuna cewa tuwicin da kansa yana kama aktin in ba shi da fosfet. A 2007 kuma Funabara ya nuna cewa guntun tuwicin da ke kewaye da gurbin D2 yana haɗa mayosin da aktin su zama dunƙule guda, in an liƙa masa fosfet kuma dunƙulen ya watse. A ganinmu hujjoji sun fi karkata ga cewa tuwicin shi ne igiyar kanta. In haka ne, kowane ɓangare na tsohuwar muhawara ya faɗi rabin gaskiya: akwai inji na biyu kamar yadda su Rüegg suka ce, amma tsakanin zare mai kauri da siriri yake, kamar yadda su Lowy suka ce.

Binciken ƙwayoyin gado ya ƙaro wata tambaya. A 1994 László Nyitray da abokan aikinsa suka nuna cewa mayosin na tsokar sikalof mai sauri da na mai sakata daga ƙwayar gado guda suke fitowa, yanka saƙon da haɗa shi ne kawai ya bambanta. Daga wannan ƙwayar gado dai ake samun wani furotin na uku, wutsiyar mayosin ba kai, wanda mutanen Jafan suka kira kacin, na Rasha kuma mayorod. Yana da yawa a tsokar sakata, yana kwance a bayan zare mai kauri, kuma shi ma yana karɓar fosfet, amma gwajin Kobe ya samar da sakata ba tare da shi ba.

Masu nazarin jikin ɗan Adam suna bibiyar wannan aiki, domin tsokar da ke kewaye da hanyoyin jininmu ita ma takan riƙe matsi na dogon lokaci da ɗan makamashi kaɗan, halin da Richard Murphy da abokan aikinsa suka bayyana a 1981. Sai dai kada a yi saurin haɗa su. A tsokar hanyoyin jini kalsiyam ba ya komawa matakin hutu gaba ɗaya, kawunan mayosin ba sa tsayawa, rage gudu suke yi, kuma babu tuwicin a cikinta.